Kula da tsohuwar manhajar COBOL bayan an mayar da ita ta intanet

Ka tambayi yadda za a ci gaba da kula da manhajar da aka rubuta da COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhajar kwamfuta, bayan an juya ta ta koma ta intanet. Ku tsayar da tushe ɗaya tukuna: ko a riƙa gyara tsohuwar ana sake juyawa, ko a koma sabuwar kacokan. In kuka gyara duka biyun, juyi na gaba zai shafe gyaran hannu.

Lissafin kuɗi kuwa, a nan ake tuntuɓe. A JavaScript, yaren rubuta manhajar intanet, haɗa 0.1 da 0.2 na ba da 0.30000000000000004, COBOL ba ta haka. Ku ajiye kuɗi a cikakkiyar lamba, wato marar ɗigo, kuma kafin kowane sabuntawa ku kwatanta rahoton ƙarshen wata na tsohuwar da na sabuwar layi-layi.

Ku kuma sa wa kowane rikodi lambar siga, wato lambar da ke canzawa duk lokacin da aka gyara shi, kada ma'aikaci na biyu ya danne aikin na farko in su biyu suka gyara rikodi ɗaya a lokaci guda.