Tikiti biyu, tafiya ɗaya: ana iya haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tikitin zuwa Istanbul a wani kamfanin jirgi, daga baya na samu mai sauƙin kuɗi daga Istanbul zuwa Landan a wani kamfanin daban. Tsakanin saukata da tashin jirgi na biyu awa biyu ne. An ba ni shawara in kira su, su haɗa mini tikitocin. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za su iya rubuta cewa tikitocin na da alaƙa, amma ba za su mayar da su tikiti ɗaya ba, kuma a nan ne matafiya da yawa suke ruɗuwa.

Duk wanda ya kama kujera ana ba shi lambar rajista mai haruffa da alƙaluma shida, wadda ma'aikata ke kira PNR. Bayan ita akwai lambar tikitin kansa mai alƙaluma 13, uku na farko su ne shaidar kamfanin da ya fitar da shi: 235 na Turkish Airlines ne, 125 na British Airways, 176 na Emirates. Kowane tikiti yarjejeniya ce mai zaman kanta. Kamfanin farko ya yi alkawarin kai ka Istanbul, da ka sauka ya sauke nauyi. Na biyu ya yi alkawarin ɗaukar ka idan ka zo a kan lokaci, bai damu da inda ka fito ba.

In ka kira, abin da ma'aikaci zai yi shi ne ya saka ɗan bayani a rajistarka: fasinjan nan zai iso da jirgi mai lamba kaza, ranar kaza, ƙarfe kaza. Ka kira ɗin, domin ranar da abu ya lalace, ma'aikacin kantar kamfanin a filin jirgi da ya ga bayanin yana iya tausaya maka. Sai dai alfarma ce, ba haƙƙi ba. Na'urar da ke sauya wa fasinjoji jirgi idan an samu jinkiri tana bin abin da ke cikin rajista ɗaya ne, ba ruwanta da wannan rubutu.

Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, za a rubuta cewa ba ka zo ba. Mafi yawan kamfanoni a nan take suke soke sauran tafiyar da ke kan tikitin, har da ta dawowa. Ga kuɗin sabon tikiti a farashin ranar, ga otal, duk a aljihunka. Haka ma idan kamfanin farko ya matsar da lokacin tashi tun saura makonni, na biyu ba dole ba ne ya canza maka kyauta.

Awa biyun nan kuwa ba su isa ba. Kamfanoni da yawa suna rufe karɓar kaya saura minti 60 jirgin ƙasa da ƙasa ya tashi, wato awa ɗaya ta rage maka ka fito daga jirgi, ka bi layin shige da fice, ka jira akwati, ka hau sama wajen masu tafiya, ka sake bin layi. Gajeren lokacin canjin jirgi da filaye ke ƙayyadewa na masu tikiti ɗaya ne, waɗanda ake wuce musu da kaya ta ciki. Shawararmu ga mai tikiti biyu ita ce awa huɗu a ƙalla, shida idan akwai canjin tasha, wato komawa wani ginin filin jirgin. In jirgi na biyu mai tsada ne ko sau ɗaya yake tashi a rana, ka kwana a garin, ya fi kwanciyar hankali. Ka kuma duba sunan filin da kyau, domin Istanbul na da biyu, IST da SAW, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota.

Maganin gaskiya shi ne a soke su a sake fitar da tafiyar a tikiti ɗaya. Ka tambayi kuɗin sokewa, ka gwada shi da asarar da za ka yi in ka rasa jirgi.

Tambaya: Kamfanonin da na saya a wurinsu duk suna cikin ƙawance ɗaya. Shin za su wuce mini da akwatina har inda za ni, ko sai na ɗauka a hanya?

Amsa: Malama, ƙawance bai isa hujja ba. Manyan ƙawancen uku ne, Star Alliance, oneworld da SkyTeam, kuma a 2016 oneworld ta daina wajabta wa kamfanoninta wuce da kayan mai tikiti daban-daban. Yanzu kowane kamfani da tsarinsa. Sai akwai yarjejeniyar miƙa kaya tsakanin kamfanonin biyu, sannan na farkon ya yarda da yin hakan a kan tikiti biyu. Ƙananan kamfanoni masu rahusa galibi ba sa yi ko kaɗan.

Ki je kanta da wuri, ki miƙa tikiti na biyu a buge a takarda, ki roƙa kafin a liƙa wa akwatin takardarsa. Sannan ki karanta takardar da idonki. Haruffa uku manya da ke jiki su ne inda akwatin zai tsaya, kome ma'aikaci ya faɗa da baki. Ki adana ɗan guntun da ake manna miki, ki nuna shi ga kamfani na biyu kafin ki shiga jirginsu don su tabbatar kayan na cikin lissafinsu. Nauyin kaya ma kowane tikiti da nasa: na farko zai iya ba ki akwati biyu masu kilo 23, na biyu ya ce sai kin biya ko da ɗaya ne.

Abin da ya fi kaya haɗari shi ne biza. Wurin ɗaukar kaya yana bayan jami'an shige da fice, don haka ɗaukar akwati na nufin shiga ƙasar. A filayen yankin Shengen na ƙasashen Turai bizar zama cikin filin jirgi ba ta ba ki wannan damar, sai ta shiga. A Amurka kuwa kowa sai ya bi ta shige da fice, ko da wucewa zai yi. Ga kuma wani tarko: kamfanin farko yana duba takardunki a tsarin Timatic, wato rumbun bayanan ƙa'idojin biza da fasfo na kamfanonin jirgi, kuma yana yin hakan ne bisa inda tikitinsa ya ƙare. In fasfonki na buƙatar bizar wannan ƙasa kuma babu, yana iya hana ki hawa tun daga farko, ko da kin nuna tikiti na biyu. Ki tambaye su a rubuce kafin ranar tafiya.

Mai jakar hannu kawai ya fi samun sauƙi, idan ya ciro takardar shiga jirgi na biyu ta intanet kuma tashoshin suna haɗe ta ciki.

Tambaya: Ni da maigidana jirgi ɗaya za mu hau, amma kowa ya sayi nasa tikitin. Akwai amfanin haɗawa?

Amsa: Akwai, Hajiya. Ki kira kamfanin da lambobin rajistar biyu, su rubuta cewa tare kuke. Hakan bai tabbatar da zama kusa da juna ba, don haka ku zaɓi kujerunku da kanku. In an soke jirgi, na'ura na iya raba ku, sai ku kira nan da nan a mayar da ku jirgi guda. Idan akwai ƙaramin yaro da aka saya wa tikiti shi kaɗai, haɗawar ta zama dole, in ba haka ba za a ɗauke shi a matsayin yaron da ba mai rakiya.

Tambaya: A shafin sayar da tikiti na biya kuɗi sau ɗaya, amma aka turo mini lambobi biyu. Tikiti nawa ke nan?

Amsa: Lambar rajista biyu kaɗai ba ta yanke hukunci ba, Malam, domin tafiya ɗaya da ta haɗa kamfanoni biyu takan zo da lambar kowannensu. Ka duba lambar tikiti mai alƙaluma 13. Idan duk jiragen suna ƙarƙashin lamba ɗaya, kana da kariya. Idan kowane jirgi da tasa lambar, ko takardar ta ce kai za ka ɗauki kayanka ka sake miƙawa, to shafin ne ya ɗinke maka tikiti biyu. Garantin da irin waɗannan shafuka ke sayarwa nasu ne, ba na kamfanin jirgi ba, kuma yawanci sharaɗinsa ka tuntuɓe su kafin ka sayi wani tikiti da kanka.

Bambancin yana shafar diyya ma. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba da Yuro 250 zuwa 600 idan jinkiri ya kai awa uku kuma laifin kamfani ne, ana kuma auna jinkirin a ƙarshen tafiyar da ke cikin rajista ɗaya. Mai tikiti biyu da jirginsa na farko ya makara da awa ɗaya, ya rasa na biyu ya kwana a hanya, awa ɗayar nan kaɗai za a lissafa masa.