Ƙarfina ya ragu, in sayi allura?

Tambaya: Likita, shekaruna 27, ina haya da babur a Marwa. Wata shida ke nan gajiya ta addabe ni, sha'awar iyali ta ragu. Abokina ya ce in sayi allurar testosteron, wato sinadarin ƙarfin namiji.

Amsa: Ƙanena, don Allah kada ka saya. Allurar tana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, ga ka matashi. Je asibiti a auna jininka da safe kafin ƙarfe 10, sau biyu a ranaku daban, domin sinadarin yakan sauka da yamma. A duba sukari ma.

Abin da ya fi damuna: kana shan tiramol don jure aiki? Yana danne sinadarin nan ƙwarai. In haka ne, faɗa wa likita gaskiya, ya taimaka maka ka bari sannu a hankali.