Amsa kan zanen tsohuwar motar gwangwani

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambayi yadda za ka zana tsohuwar motar wasa ta gwangwani da ka tsinta a ɗakin kakarka a Birni, har mai kallo ya ji kamar ya miƙa hannu ya ɗauka.

Kafin ka taɓa fenti, ka ajiye motar kusa da taga ɗaya ka rufe sauran, domin hasken da ke zuwa daga gefe guda shi ne ke fito da lotsewar ƙarfen. Safiya ta fi, tun da ranar Damagaram idan ta take, wanke launi take yi.

Aikin yana wurin tsatsa, kuma tsatsa ba launi ɗaya ba ce. Ka shimfiɗa jan ƙasa da ruwa-ruwa, ka bari ya bushe, sannan ka ɗiɗɗiga ruwan goro da buroshin da ka tsane, ka ƙara duhu kaɗan a tsakiyar tabon. Inda fentin asali ya ɓare, ka ja siririn layi mai haske a bakinsa don kaurinsa ya bayyana. Ni na taɓa miƙar da lanƙwasasshiyar taya a zanena don ta yi kyau, sai motar ta koma sabuwa fil, na rasa abin da nake nema.

Kada ka yi inuwa da baƙi zalla. Ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa. Idan akirilik (fentin da ake sirkawa da ruwa) kake amfani da shi, a hunturu cikin mintuna kaɗan yake bushewa, saboda haka ka riƙa yayyafa masa ruwa. Farin ƙyalli kuwa sai a ƙarshe, ɗigo biyu ko uku a kan rufin motar.