Amsa ga mai tambaya kan incumbent

Ƙanena, wallahi da na ga tambayarka sai da na aje waya na yi shiru, don kalmar nan ta taɓa raba ni da abincina. Ka ce a labarin zaɓe ka ga incumbent governor, a takardar aikinka kuma an rubuta it is incumbent upon you, ka rasa abin da ya haɗa su. Kalma ɗaya ce mai aiki biyu. In ta jingina da muƙami to mai ci ake nufi, wanda ke kan kujera yanzu. In ka ga on ko upon a bayanta kuwa ba zancen kujera, wajibi ne ya rataya a wuyan wanda aka ambata. Mu da muka yi lakwal, wato bokon Faransanci, ma ya fi mana sauƙi, ai ita ce il vous incombe ta Faransanci, tushensu ɗaya a Latin.

Ni lokacin ina riƙe ma wani Alhaji takardu a kasuwar Dole ta Damagaram, aka aiko mishi kontira daga Legas, layi ɗaya ya ce kuɗin mota da na duwan, wato kwastan, incumbent on the buyer. Na ce Alhaji wannan kai za ka biya, ka lissafa da shi kafin ka sa hannu. Sai ɗan ƙanensa da ya ɗan zauna Kano ya fizge takardar daga hannuna, ya ce incumbent ai shugaba mai ci ne, wato shugaban kamfanin can shi zai biya. Kuma a gaban yaran shago da masu ɗaukar kaya ya ce ina ruwan ɗan lakwal da Ingilishi, in tsaya ga bonjur ɗina. Aka kwashe da dariya, har mai shayin gefe da ko bihim bai sani ba. Ina tsaye bik a hannu, zufa na bin bayana, Alhaji ko ɗago kai bai yi ba ya sa hannu. Da kaya suka maƙale a Ɗan Barto, kan iyakar Nijar da Nijeriya, direba na ta kiran waya a kawo kuɗi, wa aka ɗora ma laifi? Ni, wai me ya sa ban nace ba. Kuɗin watan nan har yau ban gan su ba, yaron kuwa yana nan yana yawo da mota, in mun haɗu a Birni har hannu yake ɗago min, Allah ya isa dai.

Wani ramin da ke jiran mu ƴan Damagaram shi ne sortant. A Faransanci ana ce ma shugaba président sortant ko da ya sake tsayawa, kamar Issoufou a 2016, da sortant ɗin aka kira shi kuma ya zarce. Shi ya sa za ka ji wasu na fassara incumbent da mai barin gado, alhali mai barin gado outgoing ne. Jonathan a 2015 mai ci ne ranar zaɓe, sai da Buhari ya kada shi ya koma mai barin gado, shi kuma Buhari ya zama president-elect, mai jiran gado, har zuwa rantsuwa ranar 29 ga Mayu. Acting kuma riƙon ƙwarya ne, irin na Osinbajo a 2017 da maigidansa ke jinya a Landan. Sitting dai da incumbent duk tafiyarsu ɗaya.

Kuma don Allah duk fassarar da ka yi ma mutum ka rubuta ta, ka ɗauki hoto da waya, ko na gidanku ne, su ma sun fi saurin musu. Da na yi ta da baki ne aka ci ni.

Ta wajen wajibi akwai mandatory da compulsory, su dole ce ta doka ko tsari, ka ƙi a hukunta ka. Incumbent upon ta fi kama da nauyin da matsayinka ya ɗora maka, amma in a kontira take kar ka yi wasa da ita. Turo min jimlar gaba ɗaya ta sirri kafin ka sa hannu, in ga wa aka ambata bayan upon ɗin.