Amsa ga Alhaji kan harajin gado da manoman Birtaniya

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Alhaji ya turo hoton motocin noma sun cika titunan Landan, yana tambaya ko gaskiya ne gwamnatin Birtaniya tana ƙwace gonar mutum idan ya rasu. Ranka ya daɗe, ba ƙwacewa take yi ba, amma abin da ya fito da manoman nan titi a ranar 19 ga Nuwamba, 2024, babban lamari ne.

A can, idan mutum ya rasu, ana ƙiyasta duk abin da ya bari, a ware fam 325,000 da ba a taɓawa, sannan gwamnati ta karɓi kashi 40 cikin ɗari na ragowar kafin magada su raba. Gonaki kuwa an yafe musu wannan haraji gaba ɗaya tun 1992. A ranar 30 ga Oktoba, 2024, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2026 yafiyar za ta tsaya a kan fam miliyan ɗaya na farko, abin da ya haura haka kuma a biya kashi 20 cikin ɗari, wato fam 200,000 a kan kowane miliyan ɗaya, ana iya biya a hankali cikin shekara goma.

Hujjar gwamnati tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Attajiran da ba su taɓa riƙe ƙotar fartanya ba sun daɗe suna sayen gonaki don ɓoye dukiyarsu daga haraji, abin da ya sa farashin ƙasa ya yi tashin gwauron zabi har ya gagari matashin da ke son noma da gaske. Sai dai manomin da ya gaji gona daga kakansa yana da dukiya ne a takarda kawai. Idan aka haɗa kuɗin ƙasar, da shanu, da rumbuna, da injin girbi, za a ga miliyoyi, alhali ribar da yake samu a shekara, bayan taki da mai da albashin ma'aikata, da kyar take riƙe gidansa. To, idan magada ba su da kuɗi a hannu, sai su yanki wani sashe na gonar su sayar, gonar da ta ragu kuma ribarta ta ƙara raguwa, mai sayen kuma sau da yawa shi ne attajirin da aka ce ana so a kama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin tsofaffi. Dokarsu ta ce wanda ya ba ɗansa kyautar gona, ya kuma rayu shekara bakwai bayan haka, babu haraji a kanta. Amma dattijo mai shekara tamanin, wanda tsohuwar doka ta sa ya riƙe gonarsa har mutuwa, ina zai samu tabbacin shekara bakwai?

Bayan matsin lamba daga ƙungiyar manoma ta NFU, a watan Disambar 2025 gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa fam miliyan biyu da rabi, kuma miji da mata suna iya haɗa nasu ya zama miliyan biyar. Wannan ya fitar da ƙananan gonaki da yawa daga cikin haraji, amma manyan gonakin iyali, musamman na wanda bai yi aure ba ko aurensa ya mutu, har yanzu lissafin zai hau kansu. Wassalamu alaikum.