An kammala aiki, ma'aikata ta riƙe kuɗin ajiya da na haraji: me ya kamata a yi?

Malam, ka ce ka gina ajujuwa, an karɓi aiki, amma ma'aikatar ta riƙe kashi 5 na kuɗinka, kuma ba ta ba ka shaidar harajin da ta cire ba. Abubuwa biyu ne, kada ka haɗa su.

Kashi 5 ɗin nan ajiya ce ta lokacin gyaran lahani, wato wa'adin da za ka gyara duk lahanin da ya bayyana a aikin kafin a sakar maka kuɗin, galibi wata 6 ko 12, gwargwadon abin da takardar kwangila ta ce. Wa'adin na cika, rubuta wa ma'aikatar ka nemi a zo duba na ƙarshe a ba ka takardar kammalawa. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka, domin maganar baki a ofis ba ta zama hujja. Idan aikin na gwamnatin tarayyar Najeriya ne, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan gabatar da takardu jinkiri ne, kuma yana jawo kuɗin ruwa bisa yarjejeniya. Jihohi suna da nasu dokokin.

Harajin ya fi damuna. Kuɗinka ne aka cire da sunanka, dole a miƙa shi ga hukumar haraji. In ba a miƙa ba, kuma ba ka da rasit, ranar neman takardar shaidar biyan haraji ana iya cewa ka sake biya, alhali an riga an yanke. Nemi rasit daga akantan ma'aikatar. In ya ƙi, kai ƙorafi a rubuce ga hukumar haraji, sannan Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a.