Ina bin surukina bashi amma kunya ta hana ni magana, shin wannan kunyar ce ta imani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina da rumfa a kasuwar Dole. Bara da kaka baban matata ya ranci jikka 200 a hannuna zai sari hatsi, har yau shiru, ni kuma ko abinci ba na iya ci gabanshi balle in yi mishi zancen kuɗi. Wani abokina ya ce in bar maganar tunda kunya imani ce, amma fa Malam raina na kan kuɗin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hadisin da abokinka ya jawo ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kunya reshe ce daga rassan imani, kuma a ruwayar Imrana ɗan Husaini Annabi (SAW) ya ce kunya ba ta zuwa sai da alheri. Sai dai ya ɗora hadisin inda ba wurinshi ba.

Mu Hausawa abu da yawa muke zubawa cikin kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mu ce kunya. Yaro ya faɗi jarabawa a lakwal ya sunkuyar da kai, kunya ce ya sha. Ka hango surukinka tafe daga bakin Birni ka tuɓe takalmi ka durƙusa, ko ma ka canza lungu gaba ɗaya, nan ma kunya, ga jin nauyi ga kara duk a ciki. Wadda shari'a ta yaba ita ce halin da ke hana mutum aikata mummuna kuma ya hana shi tauye haƙƙin mai haƙƙi, haka malamai suka fassara ta. Wadda kuwa ke rufe maka baki a kan gaskiya sun ce rauni ne da gazawa, mutane ne dai suka ara mata sunan.

To kunyar suruki fa? Al'ada ce mai kyau, ba ta saɓa wa nassi ba, ka riƙe abinka, ni ma na fi son ta da halin wasu yaran yanzu masu amsa waya suna shewa gaban surukai. Kuma tana da asali. Sayyadina Ali ya so ya san hukuncin maziyyi, wato ruwan da ke fitowa lokacin sha'awa, ya ji kunyar tambayar Annabi (SAW) saboda 'yarshi Fatima ce ke ɗakinshi, to bai ce shi ke nan na haƙura da sanin ba, sai ya tura Miƙdadu ɗan Aswad ya tambayo mishi, amsa ta zo cewa ya wanke gabanshi ya yi alwala. Ka ga mutuncin suruki bai zube ba, abin da ake nema kuma an samu. Hanyarka ke nan.

Abin da ya fi damuna a tambayar taka shi ne inda ka ce ranka na kan kuɗin. Shirun da kake yi ba yafiya ba ne, bashin yana nan a wuyan dattijon. Hadisi ya zo cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ranshi, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini na rataye da bashinshi har sai an biya mishi. Wato kana ganin kara kake mishi alhali kaya kake bar mishi, in ta Allah ta kasance gobe sai ka tsaya gaban magada da matarka a cikinsu kana faɗin jikka 200 ba takarda ba shaida, ranar za ka san kunya. Don irin haka aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta ce a rubuta bashi, ba ta kuma cire suruki ba.

Saboda haka neman kuɗinka halal ne, ba rashin kunya ba ne, ba ka da zunubi ko kaɗan. Ka samu babba wanda yake jin nauyinshi, ƙanenshi ko limamin unguwarsu, ya tuntuɓe shi a keɓe cikin lalama. Kar ka aiki matarka don Allah, sa ta tsakanin miji da uba zalunci ne a gare ta, kuma kar ka tura saƙon murya ta WhatsApp, dattijo zai ɗauke shi raini. In ya bayyana hatsin ya faɗi ne ba shi da halin biya, aya ta 280 ta wajabta maka jinkirta mishi har ya samu, ku yanka lokaci ko ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, a rubuta wannan karon. In kuma ka ga za ka iya yafewa har zuci to ya fi lada, amma ka aika a faɗa mishi a fili cewa ka yafe don ya san ya sauke. Wallahu a'alam.